Santiyago Kahal: yaron da aka cire daga lakol, ya zana hanyoyin ƙwaƙwalwa

A filinmu na tarihin mutane, yau za mu tsallaka zuwa ƙasar Sifaniya mu ɗauko labarin wani likita da ya mutu tun 1934, amma har gobe duk ɗalibin likitanci, ko a Yamai yake ko a Damagaram, sai ya ci karo da sunansa idan aka zo darasin ƙwaƙwalwa. A rubuce sunansa Santiago Ramón y Cajal. A bakin mutanensu Kahal ake cewa, mu ma haka za mu kira shi.

An haife shi ranar 1 ga Mayu 1852 a Petilla de Aragón, wani ɗan ƙauye cikin duwatsu a arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramón, ƙaramin likitan karkara ne wanda ya taso cikin talauci, ya yi ta fafutuka har ya samu cikakkiyar takardar likita yana da mata da ƴaƴa. Mutum ne mai tsanani, kuma ya riga ya yanke cewa ɗansa likita zai zama. Shi kuwa yaro ba abin da yake so sai zane. Bango, ƙofa, gefen littafi, duk inda ya samu sai ya zana. A aji ba ya riƙe hadda, malamai suka yi duka har suka gaji, suka haɗa da horon yunwa. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa da gungumen itace, ya ɗura mata albarushi, ya fasa ƙofar wani maƙwabci, aka kulle shi ƴan kwanaki a gidan kaso da yardar uban nasa.

Da abin ya ishi Justo, sai ya cire shi daga makaranta ya kai shi wurin wanzami. Daga baya kuma ya kai shi wurin mai ɗinkin takalma. To, a nan kowane uba a ƙasar Kance zai gane labarin: yaro ya gagara, a ba shi sana'a a huta. Sai dai Justo bai huta ba. A 1868 ya jawo yaron kusa ya fara koya masa ƙasusuwan jikin mutum, ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya riƙa zana su. Nan ne uba ya ga amfanin zanen da ya yi shekaru yana hanawa, yaro kuma ya ga karatun da ake yi da ido da hannu. Ya shiga makarantar likitanci a Saragosa, ya gama a 1873 yana da shekara 21.

Aikinsa na farko likitan soja ne. A 1874 aka tura shi tsibirin Kuba, inda Sifaniya ke yaƙi da masu neman ƴanci. Zazzaɓin cizon sauro da atini suka kama shi a can, ya dawo gida a 1875 fata da ƙashi. Amma ya dawo da ɗan abin da ya tara na albashi, kuma abin da ya yi da kuɗin nan shi ya juya rayuwarsa. A 1877 ya je Madrid jarrabawar digirin dakta, wani malami ya nuna masa naman jiki a ƙarƙashin madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu. Da ya koma Saragosa sai ya sayi nasa, ya kafa shi a gida. Babu hukumar da ta ba shi ko sisi, babu malamin da ke tsaye a kansa. Littattafai da mujallu ya riƙa saye yana koya ma kansa. A 1879 ya auri Silveria Fañanás, wadda ta yarda a tsuke cefanen gida don a sayi sinadarai da takardu. Ya samu kujerar farfesa a Balansiya a 1883, kuma da kwalara ta ɓarke a 1885 ya yi rahoto a kanta, hukumar Saragosa ta saka masa da sabon madubi ƙirar Zeiss.

Mu ɗan tsaya mu ga matsalar da masana ke fama da ita a lokacin. Idan aka yanko siririn yanki na ƙwaƙwalwa aka duba, abin da ake gani kamar sarƙaƙƙiya ne, zare kan zare, ba a sanin inda wannan ya fara da inda wancan ya ƙare. Don haka manyan masana suka ɗauka ƙwaƙwalwa raga ɗaya ce a haɗe, kamar komar masunta. A 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, wato Golji, ya gano wani rini da ake yi da ruwan azurfa, mai abin mamaki: ba ya kama komai da komai, sai ƴan ƙwayoyi kaɗan, amma wadda ya kama sai ya mai da ita baƙa ƙirin daga kai har ƙafa, sauran fili ya bar shi rawaya. Rinin yana da gardama, yau ya kama gobe ya ƙi, shi ya sa mutane da yawa suka yi watsi da shi.

A 1887 Kahal ya ga wannan rini a gidan wani likita a Madrid, Luis Simarro. A shekarar kuma ya koma Basalona da aiki. Ya gyara dabarar, ya riƙa tsoma naman sau biyu. Sannan ya yi wata hikima da manomi zai fi kowa ganewa. Idan gero ya yi kauri ya rufe gona, wa zai iya bin tushe ɗaya da ido? Amma sati biyu bayan shuka, kowane tsiro a fili yake. Sai Kahal ya bar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi, ya koma ta ƴan tsaki tun suna cikin ƙwai, da jariran dabbobi, lokacin da zaren bai yi yawa ba kuma kitsen da ke lulluɓe shi bai fito ba. Abin da ya gani a 1888, cikin ƙwaƙwalwar tsuntsaye, shi ne kowace ƙwaya zaman kanta take yi. Tana da rassa kamar gawo, tana da dogon zare ɗaya da ke fita, zaren ya je ya taɓa maƙwabciya amma bai narke cikinta ba.

Daga nan ya ƙara mataki. Ya lura da yadda ƙwayoyin ido da na hanci suke jere, ya ce saƙo hanya ɗaya yake bi: ya shiga ta rassa, ya ratsa jikin ƙwaya, ya fita ta dogon zare zuwa ta gaba. Ku tuna yadda ake gini a garinmu, wannan ya cilla tubali, wancan ya cafe ya miƙa ma magini. Tsakanin hannu da hannu akwai ɗan fili, amma tubali na tafiya. A zanensa yakan sa ƴan kibau su nuna inda saƙo ya nufa, alhali naman da yake dubawa matacce ne, ba abin da ke motsi. Kiban nan su ne mafarin ilimin da yau ake kira hanyoyin ƙwaƙwalwa, wato bin sawun saƙo daga ido ko kunne har ya zama tsoro, tuni, ko ɗaga ƙafa. A kan mutum akwai irin waɗannan ƙwayoyi wajen biliyan 86.

Gano abu daban, a yarda da kai daban. Sifaniya a wancan zamani ba a lissafa ta cikin ƙasashen kimiyya, manyan Jamus da Faransa ba sa karanta Sifaniyanci. Kahal ya buga mujallarsa da kuɗin aljihunsa, kwafi 60, ya aika ma masana, shiru kake ji. Cikin waɗannan shekaru na Basalona ne kuma sanƙarau ya ɗauke masa ƴarsa Enriqueta, ciwon da mu nan ba sai an yi mana bayaninsa ba. A watan Oktoba 1889 ya kwashe ajiyarsa, ya ɗauki madubinsa da ƴan gilasan da ya liƙa naman a kai, ya tafi taron masana a Barlin. Mutane suka yi ta wuce teburinsa. Sai ya je ya jawo Albert von Kölliker, dattijon da duk fagen ke jin maganarsa, ya roƙe shi ya leƙa. Dattijo ya leƙa, ya gamsu, ya koma ya gwada da kansa, har ya koyi Sifaniyanci yana da shekara sama da 70 don ya karanta aikin wannan baƙo. Mu a ganinmu Kölliker ya cancanci yabo kusan daidai da Kahal a wannan rana, don babba ya sauka daga ra'ayinsa saboda abin da ƙarami ya nuna masa ba kullum ake gani ba.

Sauran ya zo da sauri. Madrid a 1892, lacca a Landan a 1894, inda ya kawo tunanin cewa koyo yana ƙara ma ƙwayoyin nan rassa da mahaɗai. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golji, wanda ya hau mumbari a Sitokholm ya kare tsohon ra'ayin raga ɗaya a gaban abokin rabonsa. Sai a shekarun 1950, da aka samu madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan filin nan tsakanin ƙwaya da ƙwaya ido da ido. A wannan fili ne yawancin magungunan ƙwaƙwalwa ke aiki, a nan ne kuma tramol ke yi ma samarinmu ɓarna. Farfaɗiya ma da wannan ilimi aka gane ta: ƙwayoyi ne masu yawa ke tashi da saƙo lokaci ɗaya ba tsari, shi ya sa akwai maganin asibiti da ke kwantar da ita, kuma ba a ɗaukar ta ta hanyar miyau ko taɓa mai ita.

Abin da ya sa muka zaɓo shi yau dai shi ne yadda ya yi da sunan da ya samu. An yi masa tayin ministan ilimi, ya ƙi. Amma a 1907, da gwamnati ta kafa hukumar faɗaɗa karatu da bincike da ake taƙaitawa JAE, ya karɓi shugabancinta, ya riƙe har mutuwarsa. Aikin hukumar shi ne ta zaɓi matasa, ta biya musu su je Jamus, Faransa, Ingila ko Amurka su koyi bincike a hannun ƙwararru, sannan, wannan shi ne muhimmi, ta tanadar musu ɗakin gwaji da za su dawo su tarar. Wajen mutum 2,000 suka ci wannan tallafi, har da mata. Cikinsu akwai Severo Ochoa, wanda ya ci Nobel a 1959. Wato abin da Kahal ya rasa yana saurayi, mai biya da mai jagora, shi ya tsaya a samar ma na baya. Tun a 1897 ma ya yi jawabin da ya zama littafin nasiha ga sabon mai bincike, inda ya nanata cewa naci ya fi baiwa, kada girman magabata ya tsorata yaro, a koyi harsunan waje, kuma ƙarancin kayan aiki bai isa uzuri ba. Wannan na ƙarshen, gaskiya, ya ɗan yi tsauri. Shi kansa ai sai da madubin Zeiss ya zo hannunsa kyauta.

Ɗakin bincikensa a Madrid ya fitar da manya. Rafael Lorente de Nó ya nuna cewa saƙo na iya zagayowa ya dawo inda ya fito, kamar ruwa a kwalbatin lambu. Pío del Río Hortega ya gano ƙananan ƙwayoyin da ke share datti a ƙwaƙwalwa. Shi wannan na biyun bai ji daɗin maigida ba: saɓani ya shiga tsakani, a 1920 Kahal ya sallame shi daga ɗakin, ko da yake hukumar ta buɗe masa wani. Kahal ya yi ritaya a 1922, matarsa ta mutu a 1930, shi kuma ranar 17 ga Oktoba 1934 yana da shekara 82, yana rubutu har kwanakinsa na ƙarshe. Shekara biyu bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, aka rushe hukumar, almajiransa da yawa suka watsu ƙasashen waje. Río Hortega a Ajantina ya mutu.

Ga ɗanmu ko ƴarmu da ke karatun likitanci ko ilimin halittu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Abdou Moumouni ta Yamai, irin ƙofofin nan akwai su yau, ko da ba su da yawa. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, wadda aka kafa a 1961, tana shirya gajerun makarantu a ƙasashen Afirka, tana kuma ba matasa tallafin tafiya da na bincike. Masana fagen na Afirka suna da tasu ƙungiya, SONA, tun 1993. TReND in Africa tana koya ma matasa bincike da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, don kiwonsu ba tsada kuma ƙwaƙwalwarsu na bin ƙa'idar da Kahal ya zana. Mafi kusa da mu, a Damaturu ta jihar Yobe, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a jami'ar jihar a 2021, da manyan madubai, kuma ana horar da ɗalibai a can. Yawancin sanarwar waɗannan wurare da Ingilishi take fitowa a intanet, ana neman takardar malami da ɗan bayanin abin da ɗalibi yake son bincika. Yaran da suka tashi da Faransanci sai sun ƙara wannan harshe, kuma ƴan uwa da ke Kano ko Zariya, inda ake karatu da shi, za su iya taimaka musu da karanta sanarwar da cika takardun kafin wa'adi ya wuce.