TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI BISHOP MICHAEL JAMES DEMPSEY, O.P. (1912–1996)

A wannan littafi na tunawa da cikar cocinmu shekara 50, kwamitin shirye-shirye ya ga ya kamata a keɓe 'yan shafuka domin mutumin da yake riƙe da sandar kiwo a lokacin da iyayenmu suka soma taruwa a nan. Dattawanmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan kewaye ba su manta da sunansa ba. Amma yawancin samari da 'yan matan da za su yi mana waƙa a ranar biki ba a haife su ba sa'ad da ya bar ƙasar nan. Saboda su musamman aka rubuta wannan.

An haifi Michael James Dempsey ran 22 ga watan Fabrairu, 1912, a birnin Providence cikin jihar Rhode Island ta ƙasar Amurka. A garinsu ya yi karatunsa har zuwa kwalejin Providence, wadda Fadoji 'yan ƙungiyar Dominikan suke gudanarwa. Wannan ƙungiya ita ce wadda Waliyyi Dominik, mutumin ƙasar Sifen, ya kafa, Paparoma kuma ya amince da ita a shekara ta 1216. Aikinta wa'azi ne da koyarwa, shi ya sa ake kiran 'ya'yanta masu wa'azi, farar rigarsu kuwa ba ta ɓuya. Saurayin ya shiga cikinsu, ya ɗauki alkawarin talauci da tsabtar rai da biyayya, ya yi shekaru yana karatun falsafa da tauhidi. Aka naɗa shi firist ran 11 ga watan Yuni, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Aikin da shugabanninsa suka fara ba shi, shi ne koyarwa. An tura shi makarantar sakandare ta Fenwick da ke Oak Park, a gefen birnin Chicago, makarantar da 'yan Dominikan suka buɗe a 1929. Nan ya yi wajen shekara bakwai yana koyar da Turanci da addini. Mu lura da wannan da kyau. Kafin a sa masa hular Bishop ya sha ƙurar alli, ya kwana yana duba littattafan yara, ya san yaron da ya zo aji da yunwa da wanda ya zo da ƙiwuya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban samari talatin ko arba'in bayan tashi daga tara, ya san irin haƙurin da aikin yake koya wa mutum. A ganinmu, wanda bai san waɗannan shekaru bakwai ba, ba zai gane abin da Fada Dempsey ya yi daga baya a ƙasar Hausa ba.

A 1951 ne Akbishop Leo Taylor na Legas ya karɓi 'yan Dominikan uku daga Amurka, su ne Fada Edward Lawton, da Fada Michael Dempsey, da Fada Arthur Kinsella. Aka danƙa musu cocin Yaba, wadda kowa ya sani yau da sunan St. Dominic. Fada Dempsey ya daɗe a can, fiye da shekara goma.

Shi kuwa abokin tafiyarsa, Fada Lawton, Arewa ya nufa. A 1953 Roma ta yanke lardin Sakkwato da na Katsina daga Kaduna, ta mai da su yankin mishan mai zaman kansa, ta ba 'yan Dominikan, ta ɗora Fada Lawton a kan aikin a farkon 1954. Ashe tun daga ranar ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗin Katsina, wato Dutsin-Ma da Kurfi, suka shiga hannun masu farar riga. A 1956 Sistoci 'yan Dominikan daga Great Bend a jihar Kansas suka iso Gusau, suka kama aikin jinya da renon mata da koyar da yara. A 1964 yankin ya zama cikakken Dayosis na Sakkwato, Lawton ya zama Bishop na fari.

To, amma su wane ne 'yan Katolika a lardunan nan biyu a wancan zamani? Kusan dukansu baƙi ne daga Kudu. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne da suka biyo dogo zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda, da akawuna, da malaman asibiti, da masu awon gyada da auduga, da 'yan kasuwar sabon gari. Mutanen kirki ne, da guminsu aka gina cocin farko-farko, ba kuwa za mu taɓa raina wannan ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: Ikilisiya tana cikin ƙasar Hausa, amma ba ta yi saiwa a cikinta ba tukuna. Manomi na ƙauye yana ganin coci kamar tashar jirgi, wurin mutanen da suka zo, za su kuma koma.

Fada Dempsey ya baro Legas ya zo Gusau a 1965, ya zama mai kula da cocin Uwargidanmu ta Fatima. Bai daɗe da sauke kaya ba sai ƙasa ta rikice. Aka yi juyin mulki ran 15 ga Janairu, 1966. A ƙarshen watan Mayu tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, ta sake tashi cikin Satumba da Oktoba, ta fi ta farko muni. An yi asarar rayuka masu yawa, waɗanda suka tsira kuma suka kwashe iyalinsu suka koma gida. Ba za mu tsawaita a kan wannan ba a ranar murna, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye mu da sake ganin irinsa. Abin da ya shafi labarinmu shi ne, cikin 'yan watanni kujerun coci suka zama wayam, makarantun firamare na mishan suka rasa malamai da 'yan makaranta gaba ɗaya. Ana cikin wannan baƙin ciki, sai Bishop Lawton ya rasu ran 19 ga Disamba, 1966, yana da shekara 53 kacal.

Wannan shi ne gadon da aka miƙa wa Fada Dempsey. Paparoma Bulus na Shida ya zaɓe shi Bishop na Sakkwato ran 13 ga Yuli, 1967, mako ɗaya bayan an fara yaƙin basasa. Aka keɓe shi a Chicago ran 15 ga Agusta, ranar idin ɗaukar Maryamu zuwa sama. Sa'an nan ya juyo ya dawo wurin garke wanda ya watse. Da ya roƙi a bar shi a Amurka har ƙura ta lafa, da wuya a sami mai ganin laifinsa. Yana da shekara 55 a lokacin.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1968, ana cikin yaƙi, ya buɗe makarantar sakandare a Gusau.

Mai lissafin riba zai ce wannan wauta ce. Don wa za a buɗe ta, alhali 'ya'yan coci sun tafi? Ai amsar a fili take: don 'ya'yan gari. Su ne suka rage, su ne kuma ba za su je ko'ina ba. A waɗannan shekaru makarantun sakandare a lardunan Sakkwato da Katsina ana ƙirga su da yatsu, yaro kuwa yakan gama firamare da ƙoƙari ya koma gona ko shago, don ba inda zai wuce. Makarantar mishan ta kwana irin na da, wadda take bin 'yan coci duk inda suka sauka, tana rufewa ranar da suka tashi. Wadda aka kafa domin gari kuwa, gari ne zai riƙe ta. Bishop Dempsey ya zaɓi ta biyu. A aji ɗaya ɗan liman da ɗan katikis za su zauna a benci guda, su sha rana ɗaya a filin ƙwallo, su ji tsoron jarrabawa ɗaya. Iyaye kuma, ko ba su taɓa taka ƙofar coci ba, za su san Fada a matsayin malamin 'ya'yansu. An san Bishop Dempsey da zaman lafiya da Musulmi da sauran Kirista, mu kuwa muna ganin wannan hali da buɗe makarantar reshe ɗaya suke.

Makaranta ta biyu da ya ba ƙarfinsa ta fi kusa da mu, ita ce makarantar horar da katikis ta Malumfashi. Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya riga ya buɗe ƙofa a yi Misa da harshen jama'a maimakon Latin. A zamanin Bishop Dempsey aka mai da hankali sosai ga 'yan ƙasa, musamman Maguzawa na kudancin Katsina, manoman da suka daɗe suna zaune a gidajensu na karkara da al'adun kakanninsu. Malumfashi ta zama wurin da dayosis-dayosis na Arewa suke aiko da mutanensu a koya musu aikin katikis da Hausa. Abin da ake koya a can bai tsaya ga addu'a ba. Mutumin da ya fito, shi ne zai koma ƙauye ya tara yara a gindin bishiya ya koya musu karatu da rubutu, ya jagoranci sujada ranar Lahadin da Fada bai iso ba, ya karanta wa tsohuwa wasiƙar ɗanta, ya raka mara lafiya asibiti a kan keke. Da yawa cikinmu da muke karanta wannan shafi, a hannun irin waɗannan bayin Allah muka fara gane baƙi. Ba a rubuta sunayensu a jikin gini ba, amma Ubangiji ya san su.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ta gina hanyoyi da ofisoshi da madatsun ruwa, irin Zobe da ke nan kusa da mu. Mutanen Kudu suka dawo, wasu sababbi suka zo daga Filato da kudancin Zariya da Binuwai, malamai da 'yan sanda da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Cocin da suka bushe suka sake cika, aka kafa sababbi, cikinsu har da namu. Amma a cikin shekarun nan ne kuma gwamnatocin jihohi a sassa da yawa na Nijeriya suka karɓe makarantun mishan, a 1976 kuma aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Har yau dattawa suna gardama a kan wannan karɓewa. Wasu suna cewa ita ta kai ilimi lungunan da mishan ba ta da ƙarfin kaiwa, wasu suna cewa tun daga ranar tarbiyya ta fara sanyi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Mu dai abin da muka gani shi ne, ginin ana iya karɓarsa da takarda ɗaya, amma yaran da suka riga suka yi karatu a ciki ba mai iya karɓe abin da ke kansu.

A nan ya kamata mu ɗan dubi kanmu. Yau Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011. Ɗan Kurfi ba ya buƙatar ya kwana a hanya kafin ya ga ƙofar jami'a. Duk da haka, yara nawa ne daga ƙauyukanmu suke tsayawa a aji shida, yarinya a aurar da ita, yaro ya bi motar itace? Tsoro kuma ya ƙara nauyin kaya. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Uban da ya ce ba zai sake kai ɗansa makarantar kwana ba, ba za mu zarge shi ba. Sai dai mu tuna cewa shekarar da Bishop Dempsey ya buɗe tasa makarantar ita ma ba shekarar kwanciyar rai ba ce, bai kuwa jira ta ba. Duk wata shawara da majalisar coci da zumuntar mata da ta maza za su yi a kan karatun yaranmu bayan wannan biki, a sa maƙwabtanmu a ciki, don rijiya ɗaya muke sha da su.

Zuwa farkon shekarun 1980 ƙarfin Bishop ya fara raguwa, rashin lafiya ya matsa masa. A watan Fabrairun 1982 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna ya naɗa firistoci 'yan ƙasa masu yawa a rana ɗaya. A shekarar ce kuma aka ba Bishop Dempsey mataimaki mai jiran gado, Bishop Kevin Aje, mutumin Filato. A watan Disamba na 1984 ya sauka, bayan shekara 17 a kan kujera da shekara 33 a Nijeriya. Bai riƙe sandar har ta faɗi daga hannunsa ba, ya miƙa ta ga ɗan ƙasa yana da sauran numfashi.

Ya koma Amurka ya zauna tare da 'yan'uwansa 'yan Dominikan a birnin Denver, yana taimakawa da aikin coci, yana ziyartar tsofaffi da marasa lafiya kamar kowane ƙaramin Fada. A can ya huta cikin Ubangiji ran 19 ga Maris, 1996, ranar idin Waliyyi Yusufu, yana da shekara 84. Allah ya ba shi hutawa ta har abada, haske madawwami ya haskaka masa. Amin.

Bishop Aje ya riƙe Sakkwato har 2011, Bishop Matthew Hassan Kukah ya gaje shi. Ran 16 ga Oktoba, 2023, Paparoma Francis ya yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta, ya ba ta Bishop Gerald Mamman Musa, aka keɓe shi cikin Disamba na shekarar. Ɗan ƙasar Malumfashi ne. An haife shi a 1971, Bishop Dempsey yana shekararsa ta huɗu a kan aiki, aka kuma naɗa shi firist a 1996, 'yan watanni bayan an binne tsohon malamin a Amurka.