Joseph Berkson: Likitan da ya nuna cewa asibiti ba madubin gari ba ne

Idan aka ce an binciki majinyata dubu a wani babban asibiti na birnin Kano, aka gano kashi kaza na fama da ciwon suga, mai karatu yakan ɗauka an faɗi halin da Kanawa ke ciki ke nan. Amma manomin Kademi da ke Ƙaramar Hukumar Gaya, ko matar aure a wani ƙauyen Ajingi, waɗanda kuɗin mota ya hana su zuwa, ba sa cikin lissafin. Mutumin da ya fayyace irin ɓarnar da wannan giɓi ke yi wa binciken lafiya shi ne Joseph Berkson, har ana kiran kuskuren da sunansa.

An haife shi a birnin New York na Amurka a shekarar 1899. Ya fara da karatun fiziks, sannan ya koma Jami'ar Johns Hopkins, inda ya zama likita a 1927, ya kuma samu digirin dakta a ilimin ƙididdiga a 1928. Daga 1934 zuwa 1964 shi ne shugaban sashen ƙididdigar lafiya na asibitin Mayo da ke garin Rochester a Jihar Minnesota. Likita ne da takardun marasa lafiya suka fi shiga hannunsa a kan marasa lafiyar kansu.

A zamanin, wasu likitoci sun lura cewa masu ciwon suga da ke kwance a asibiti sukan zo da ciwon madaciya, har aka fara zargin madaciyar ce tushen sugan. A 1946 Berkson ya wallafa wata gajeruwar maƙala da ta nuna, da lissafi tsagwaronsa, cewa cututtuka biyu da ba abin da ya haɗa su a cikin gari suna iya bayyana kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai a ɗakin jinya. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Mai ciwo ɗaya yakan daure ya zauna a gida. Mai ciwo biyu kuwa ƙofa biyu gare shi ta shiga asibiti: in wannan bai kai shi ba, wancan zai kai shi. Saboda haka gadajen asibiti sukan tara masu ciwo biyu fiye da yadda suke a cikin jama'a, mai ƙirga kuma ya zaci ya gano wata alaƙa. 'Yan kasuwa sun san wannan tun ba yau ba. Hatsin da ya iso Dawanau wanda aka zaɓa aka ɗora wa mota ne, ba ya ba da labarin abin da ya rage a rumbu.

Maganin abin shi ne a bi mutane har gida. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a binciken zazzaɓin cizon sauro na Garki, tsakanin 1969 da 1976, lokacin Garki tana cikin tsohuwar Jihar Kano. Ba a jira kowa a asibiti ba. Ƙauye-ƙauye aka riƙa shiga ana ɗibar jinin mazauna, mai ciwo da mai lafiya, ana komowa bayan 'yan makonni.

Sai dai wuƙar da ta yi wa Berkson suna ita ce ta yanke shi. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill na Ingila suka danganta shan taba da sankarar huhu, bisa binciken majinyata a asibitocin Landan. Berkson ya ƙi yarda. Da Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta bibiyi maza kusan 188,000 daga 1952, sai ya ce 'yan sa-kai ne suka tattaro mutanen, kuma wanda ciwo ya riga ya kayar ba ya amsa tambayoyin bincike, don haka yawan adadin ba ya wanke zaɓen. Ya kuma yi shakkar yadda abu guda zai zama sanadin cututtuka barkatai.

Tambayar da ya yi halattacciya ce, amsar da ya riƙe ce ta kauce. Karkatar zaɓe tana iya ɓata lissafin mutum nawa ke da ciwo a gari, tana iya ƙirƙiro ƙaramar alaƙa. Amma ba ta isa ta ninka haɗarin sankara sau goma ba, a ƙasashe daban-daban, ta hanyoyin bincike daban-daban. Likitocin Birtaniya kusan 40,000 da Doll da Hill suka fara bibiya a 1951 ba su wakilci talakan Ingila ba ko kaɗan, amma huhunsu irin na kowa ne. A 1964, shekarar da Berkson ya bar kujerarsa a Mayo, rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da cewa taba na jawo sankarar huhu.

Muhawarar ba ta mutu ba. Babban rumbun binciken lafiya na Birtaniya, UK Biobank, ya tara mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, amma cikin fiye da miliyan 9 da aka gayyata, kashi 5.5 cikin ɗari kacal suka amsa, kuma sun fi sauran jama'a lafiya da wadata. Har yau masana na jayayya kan abin da za a iya ɗorawa a kansa da wanda ba za a iya ba.

Shi kansa lissafin 1946 ya shafe shekara talatin da biyu a takarda kafin wasu masu bincike a Kanada su gwada shi da bayanan gidaje da na asibiti a 1978, suka iske yadda ya faɗa haka yake. Berkson ya rasu a Rochester a watan Satumban 1982, yana da shekara 83.