Bernhard Schmidt, Mai Hannu Ɗaya Da Ya Faɗaɗa Wa Masana Taurari Sama

An haifi Bernhard Schmidt cikin shekarar 1879 a tsibirin Naissaar, kusa da birnin Tallinn na ƙasar Istoniya, wadda a zamanin take ƙarƙashin mulkin Rasha. Yana ɗan shekara 15 wasa da albarushi ya raba shi da hannunsa na dama. Da hagun da ya rage masa ya koyi goge madubi, har ya gagari masu hannu biyu a wannan sana'a.

A 1901 ya tafi garin Mittweida na Jamus neman ilmi, inda ya zauna yana ƙera madubai yana sayar wa masana taurari. Daga 1926 kuwa ya koma aiki a gidan nazarin taurari na Bergedorf, a gefen birnin Hambug.

Manyan madubin hangen nesa na wancan lokaci suna gani da nisa ƙwarai, amma ɗan fili kaɗan na sama suke ɗauka sosai. Taurarin da suka faɗo a gefen hoto sai su fito da jela, su dushe. Mai son ɗaukar hoton sama duka da irinsu, tsufa zai riske shi bai gama ba.

Maganin da Schmidt ya samo a 1930 shi ne ya sa wani siririn gilashi can gaban madubi mai kwarmi kamar ƙoƙo, domin ya gyara hasken kafin ya isa madubin. Yadda ya ƙera gilashin ma abin mamaki ne. Ya ɗora shi a bakin kasko, ya zuƙe iskar ciki har gilashin ya lotsa, ya goge shi a haka, sa'an nan ya sake shi, sai ya ɗauki siffar da ake bukata. Na'urarsa ta farko ƙarama ce, faɗin gilashinta santimita 36 kacal, amma ta ɗauko fili mai faɗi, taurari kuma tangaran har gefe.

Ya rasu a Hambug ran 1 ga Disamba, 1935, duniya ba ta gama gane abin da ya yi ba. Shekara guda bayan haka aka kafa irin na'urarsa a dutsen Palomar na Amurka. Wata babba mai santimita 122 ta biyo baya a 1948, kuma da ita aka ɗauki hotunan saman arewacin duniya daga 1949 zuwa 1958. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 don neman duniyoyi a kewayen wasu taurari, shi ma bisa tsarin Schmidt aka ƙera madubinsa.