Taƙaitaccen Tarihin Shehu Abdulƙadir Jilani (R.A.)

An haifi Sidi Abdulƙadir, Allah Ya ƙara masa yarda, a ƙasar Jilan ta Farisa a shekara ta 470 bayan Hijira. Sharifi ne, kuma maraya ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Yana ɗan shekara 18 ya nufi Bagadaza neman ilimi, inda ya sha yunwa da rashi. Ya karanci fiƙihun Hambaliyya wurin Shehu Abu Sa'id Mukharrimi, ya sami tarbiyya a hannun Shehu Hammad Dabbas.

Mai gaggawar zama muƙaddami ya lura da wannan: Shehu bai hau kujerar wa'azi ba sai a shekara ta 521, ya riga ya haura hamsin, bayan shekaru 25 na halwa da yaƙin zuciya a dazuzzukan Iraƙi. Da ya fara kuwa, makarantar ta yi wa jama'a kaɗan, dole aka faɗaɗa ta.

Daga littattafansa akwai Al-Gunya da Futuhul Gaibi. Ya yi wafati a watan Rabi'us Sani na 561, aka binne shi a makarantarsa. 'Ya'yansa da almajiransa suka yaɗa ɗariƙar har ta iso ƙasar Hausa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi riƙo da ita.