Edmond Halley: Mutumin da Bai Ga Cikar Lissafinsa Ba

A wani daren Oktoba, lokacin kaka, wutar lantarki ta ɗauke a ɗakin kwananmu na ɗalibai, sai na fito waje shan iska. Kafin asuba na ga taurari da dama suna yankewa a sama. Da na bincika, na gano cewa ba taurari ba ne, ƙura ce ta wani tauraro mai wutsiya. Duniyarmu tana ratsa wannan ƙura kowace shekara wajen 21 ga Oktoba, ita kuwa ƙurar tana ƙonewa a cikin iska da gudun kilomita 66 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ne ya sa na nemi tarihin mutumin da tauraron ya ci sunansa.

An haifi Edmond Halley a kusa da birnin Landan a 1656. Ya shiga Jami'ar Oxford a 1673, amma bayan shekara uku ya bar karatu ya tafi tsibirin Saint Helena, inda ya tsara jerin taurari 341 na sararin kudu. Shi ne kuma ya biya kuɗin buga babban littafin Isaac Newton a 1687.

A 1705 ya yi amfani da ƙa'idojin Newton ya nuna cewa taurari masu wutsiya da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 ashe guda ɗaya ne, mai dawowa bayan kimanin shekara 76. Ya yi hasashen zai sake bayyana a 1758. Halley ya san da wuya ya kai wannan shekara, duk da haka ya buga lissafinsa, ya jingina mutuncinsa a kai. Ya rasu a 1742. Bayan shekara 16, ranar 25 ga Disamba 1758, wani manomi a Jamus ya hango tauraron.

Tauraron ya zo na ƙarshe a 1986, kafin a haife ni, kuma sai 2061 zai dawo. Ko za mu kai, ko ba za mu kai ba, ƙurarsa tana zuwa mana duk shekara. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, idan Oktoba ta zagayo, ku nemi wuri mai duhu bayan tsakar dare, ku ɗaga kai sama.