Camillo Golgi: Likitan Da Ya Leƙa Cikin Ƙwayar Halitta

Gabatarwa

Jikin ɗan Adam a gine yake da ƙwayoyin halitta kusan tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. A cikin da yawa daga cikinsu akwai wani ɗan sashe mai ɗauke da sunan mutum, wato sashen Golgi. A wannan taƙaitaccen rubutu za mu kawo wa mai karatu tarihin mai wannan suna, wanda mutanen ƙasarsa suke furtawa da Golji.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Camillo Golgi ranar 7 ga Yuli, 1843, a ƙauyen Corteno da ke cikin duwatsun arewacin Italiya. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya bi sahunsa, ya karanta likitanci a Jami'ar Pavia, ya kammala a 1865. A can ne ya haɗu da Giulio Bizzozero, wanda ya koya masa duba tsokar jiki da madubin likita. Daga baya ma ya zama surukinsu, domin a 1877 ya auri Lina Aletti, 'yar gidan su Bizzozero.

Bincike a ɗakin girki

A 1872 neman abin masarufi ya raba shi da jami'a, ya karɓi aikin babban likita a wani asibitin masu doguwar jinya a garin Abbiategrasso, kusa da Milan. Asibitin ba shi da ɗakin bincike, sai ya mayar da ɗakin girki wurin gwaje-gwajensa.

Matsalar masana a lokacin ita ce, in an yanko ƙwaƙwalwa an sa a madubi, ƙwayoyinta a cunkushe suke kamar zaren da ya harɗe. A 1873 Golgi ya samo dabara. Yakan jiƙa tsokar a wani sinadari mai sa ta tauri, sannan ya tsoma ta a ruwan sinadarin azurfa. Abin mamaki, ƙwayoyi ƙalilan ne kawai suke rinewa baƙi ƙirin, sauran su zauna ba launi. Ta haka aka fara ganin ƙwayar jijiya guda ɗaya tun daga gangar jikinta har rassanta. Wannan aiki ne ya mayar da shi Pavia a matsayin malami.

Zazzaɓin cizon sauro

Bayan Alphonse Laveran ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a Aljeriya a 1880, Golgi ya duƙufa a kanta tun daga 1885. Ya nuna cewa ƙwayar cutar tana hayayyafa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma zazzaɓin yana tashi ne a daidai lokacin da suka fashe, sababbin ƙwayoyin cutar suka fantsama cikin jini. Ya kuma bambanta iri mai dawowa bayan awa 48 da mai dawowa bayan awa 72. Duk wanda ya taɓa kwanciya da masassarar cizon sauro mai tafiya ta dawo, to bayanin abin da ya same shi ke nan.

Sashen Golgi da aikinsa

A 1898, yana duba ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mujiya, sai ya ga wani abu mai kama da raga a cikin ƙwayar, kusa da cibiyarta. Masana da dama suka ƙi yarda, suna ganin dattin rini ne ya taru. An shafe fiye da shekara 50 ana wannan gardama. Sai a 1954, da aka duba da madubi mai aiki da lantarki, aka tabbatar akwai shi. Gani ya kori ji, amma a lokacin Golgi ya daɗe a ƙasa.

Yau an san cewa sashen wasu 'yan jakunkuna ne shimfiɗaɗɗu, an jera su ɗaya bisa ɗaya kamar faifai. Cibiyar ƙwayar halitta ce take ajiye umarnin gado, ana ƙera furotin bisa wannan umarni, sannan a turo wani kaso nasa zuwa sashen Golgi. A nan ake gyara shi, a liƙa masa sukari, a tantance shi, a ƙunshe, a aika inda ake bukata, ko cikin ƙwayar ko wajenta. Ta nan insulin mai daidaita sukarin jini yake bi kafin ya fita, haka ma majina da sinadaran narkar da abinci.

Inda ya yi kuskure

Golgi ya yi imanin cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke, raga ɗaya ce ba yankewa. Wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗauki dabarar rinin Golgi ɗin, ya inganta ta, ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. A 1906 aka raba musu lambar yabo ta Nobel su biyu, amma ko a jawabin karɓar lambar Golgi bai janye ra'ayinsa ba. Binciken baya ya ba Cajal gaskiya.

Rasuwarsa

Golgi ya shugabanci Jami'ar Pavia, ya zama sanata a 1900, ya kuma kula da wani asibitin sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rasu a Pavia ranar 21 ga Janairu, 1926, yana da shekara 82. Ƙauyensu yanzu ana kiransa Corteno Golgi.

Kammalawa

A kan abin da idonsa ya gani a cikin ƙwayar halitta, Golgi ne mai gaskiya ko da aka ƙaryata shi. A kan fassarar da ya yi wa ƙwaƙwalwa kuwa, shi ne ya kauce. Mu ɗaliban harshe, da muke sauraren magana muna fitar da ƙa'idoji, ya kamata mu riƙa bambanta abin da muka ji da kunnenmu da abin da muke zato.