Agustin na Hippo: bishop ɗin da ya rubuta laifuffukansa da hannunsa

Mutane da yawa na jin sunan Waliyyi Agustin su ɗauka Bature ne, alhali ɗan Afirka ta Arewa ne. An haife shi ranar 13 ga Nuwamba na shekarar 354 a Tagast, garin da yau ake kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya, maƙwabciyar Nijar. A tarihin Kiristanci ba a cika samun malamin da ya kai shi tasiri a kan batun alherin Allah da gafara ba, kuma ya fara koyon darasin ne daga faɗuwarsa shi kansa.

Mahaifinsa Patrisiyus ƙaramin mai gonaki ne da ke bin addinin gargajiya na Rumawa, sai dab da rasuwarsa ya karɓi baftisma. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙo da addini. Yana da shekara 16 kuɗin karatu suka yanke, ya yi shekara guda yana zaman banza a gida. A lokacin ne shi da abokansa suka kakkaɓe ƴaƴan itacen wani maƙwabci da dare, suka watsa wa aladu. Abin da ya dame shi daga baya shi ne ba yunwa ta sa shi ba, don a gidansu akwai waɗanda suka fi su kyau. Daɗin aikata abin da aka hana ne kawai ya ja shi.

Da ya tafi Kartaj, kusa da Tunis ta yau, don karatun fasahar magana, sai ya zauna da wata mace ba tare da aure ba. Ta haifa masa ɗa, Adeyodatus, a 372. Ya raina Littafi Mai Tsarki saboda yana ganin harshensa bai kai na marubutan Latin ba, ya bi ɗariƙar Mani har shekara 9. A 383 ya yaudari mahaifiyarsa, wadda ta biyo shi har bakin teku don ta hana shi tafiya. Ya bar ta tana addu'a a wani ɗakin ibada, ya shiga jirgin ruwa cikin dare zuwa Roma.

A 384 ya samu babban muƙamin malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin Rum take a lokacin. Can ya fara zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros, da farko don ya auna gwanintarsa, daga baya maganar ta fara shigarsa. Amma a wannan lokacin ne ya yi abin da ya fi muni a rayuwarsa. An nema masa auren wata yarinya ƴar gidan masu hali, sai aka mayar da uwar ɗansa Afirka bayan sun shafe fiye da shekara 10 tare, aka riƙe yaron. Matar ta yi alkawarin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa ya kasa jiran shekara 2 da suka rage kafin aure, ya ɗauko wata. Ya faɗi da kansa cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma yana fatan kada a amsa da wuri.

A 386, yana kuka a wani lambu a Milan, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙa zuwa ga Romawa, inda ake gargaɗi a kan shaye-shaye da fasikanci. Ya ajiye aikinsa, ya fasa auren. Ambros ya yi masa baftisma a daren Ista na 387, tare da ɗansa. A shekarar ce Monika ta rasu a Ostiya suna hanyar komawa gida, kuma ba a jima ba Adeyodatus ma ya rasu yana matashi.

A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa masa lamba aka naɗa shi firist, bayan ƴan shekaru ya zama bishop ɗinsu. Wajajen 397 zuwa 400 ya rubuta littafin da masu Faransanci suka sani da Les Confessions, kashi 13, dukansa magana ce da yake yi da Allah. Wani shugaban zai tsaya ne a kan zunuban ƙuruciya da ya riga ya bari. Agustin ya wuce nan. A kashi na 10 ya bayyana halin da yake ciki yana bishop: mafarkan sha'awa da ke zo masa, kwaɗayin abinci, da jin daɗin yabon mutane. A ganinsa baftisma ta share masa laifi, amma rauni yana nan, kuma mai bi kamar majinyaci ne da ke shan magani har ƙarshen ransa.

Wannan fahimta ce ta shigar da shi babbar rigimar ikilisiyar Afirka. A tsanantawar da Sarki Diyokletiyan ya fara a 303, wasu shugabannin ikilisiya sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don tsira da ransu. Mabiya Donatus suka ce wanda ya yi haka ya rasa ikon yin baftisma ko naɗa wani, har sukan sake yi wa mutum baftisma in ya koma wajensu. Agustin ya amsa da cewa ƙarfin baftisma daga Almasihu yake, ko da hannun da ya zuba ruwan mai laifi ne. Ya kwatanta ikilisiya da gonar da alkama da ciyawa ke tsiro tare, mai gonar ne kaɗai zai rarrabe ranar girbi. A 411 bishop-bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka yi muhawara a Kartaj, aka yanke hukunci a kan mabiya Donatus. A nan ne kuma tabonsa yake, domin mutumin da ya yi wa masu faɗuwa sassauci ya amince hukuma ta tilasta wa abokan gardamarsa ta hanyar tara da ƙwace majami'u. Ƙarnuka bayansa an yi ta kafa hujja da maganarsa wajen zaluntar mutane saboda aƙida.

Gardama ta biyu da Pelajiyus ce, malami daga Birtaniya, wanda ke koyar da cewa mutum na da ikon kiyaye umarnin Allah in ya ƙudurta. Agustin ya ce shi ya ƙudurta sau da yawa ya kasa, don haka ko nufin tuba ma kyauta ce daga Allah, ba ladan ƙoƙari ba. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayansa. Sai dai wasu ra'ayoyinsa masu tsauri, kamar na makomar jariran da suka mutu ba baftisma, har yau Kiristoci da dama ba su karɓa ba.

Ko da ya tsufa bai daina tuntuɓe ba. Ya sa an naɗa wani saurayi mai suna Antoninus bishop a Fusala cikin gaggawa, saurayin ya shiga tatsar talakawa yana ƙwace musu kaya. Agustin ya rubuta wa Fafaroma Selestin ya ɗauki alhakin naɗin, har ya ce yana tunanin ajiye muƙaminsa. Wajajen 426 kuma ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure da inda ya sauya ra'ayi.

A 430 mayaƙan Bandal suka yi wa Hippo ƙawanya. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin cewa ya sa an rubuta masa zaburan tuba na Dauda an manna a bangon da ke fuskantar gadonsa. A kwana 10 na ƙarshe ya roƙi kada kowa ya shigo sai likita da mai kawo abinci, yana karanta su yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta 430 yana da shekara 75, shekara 43 bayan baftismarsa, yana neman gafara. Bai bar wasiyya ba don ba shi da dukiyar da za a raba, sai littattafai da ya ce a adana wa masu zuwa.